Sword Art Online: Inda Ya Ci da Inda Ya Faɗi

A wannan wata za mu ɗan kauce wa zancen kuɗin makaranta da ƙarancin alli da muka saba yi, mu taɓa wani baƙo da ya shigo mana aji ba tare da sallama ba.

Abin da ya jawo maganar shi ne, a zangon karatu da ya wuce mun ba ɗalibanmu aikin insha'i, muka ce kowa ya rubuta wanda yake so ya zama idan ya girma. Da muka zauna duba littattafan sai muka tarar da likitoci da matuƙan jirgi da 'yan ƙwallo kamar kullum, amma wani yaro mai ƙoƙari ya rubuta cewa shi Kirito yake so ya zama, har ya zana shi a bangon littafi, sanye da doguwar baƙar riga, da takubba biyu a bayansa. Washegari muka tambaya ko wannan Kirito ɗan wace unguwa ne. Aji ya tuntsire da dariya, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ba mutum ba ne, ɗan fim ne." A nan muka gane cewa yaran nan suna da wani malami da ba mu san shi ba. Saboda haka da hutu ya zo muka sa aka tura mana fim ɗin a waya, muka zauna muka kalli zangon farko da na biyu, kashi 49 ke nan, kowane kashi bai cika rabin awa ba. Abin da muka gani shi za mu baje muku, mai kyau da marar kyau.

Sunan fim ɗin Sword Art Online, yara kuwa SAO suke ce masa. Irin fim ɗin zane ne na ƙasar Japan da ake kira anime. Asalinsa littafi ne na wani marubuci mai suna Reki Kawahara, wanda ya tsara labarin don shiga wata gasar rubutu ta 2002, amma da ya ga ya zarce adadin shafukan da aka ƙayyade sai ya fasa. Ba a buga shi a matsayin littafi ba sai a 2009, kana kamfanin A-1 Pictures ya mayar da shi fim a 2012. An yi zango na biyu a 2014, na uku daga 2018 zuwa 2020, ban da finafinan silima da suka biyo baya.

Ga labarin a taƙaice. Wani masanin kimiyya mai suna Akihiko Kayaba ya ƙera wata hular kwano da ake kira NerveGear. Idan mutum ya sa ta ya kwanta, sai ta katse saƙon da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da gaɓoɓinsa, ya tsinci kansa a cikin duniyar wasan kwamfuta, yana gani, yana ji, yana ɗanɗana abinci kamar a farke. Ranar 6 ga Nuwamba 2022, bisa lissafin labarin, mutum 10,000 suka shiga wasan, sai suka nemi maɓallin fita suka rasa. Kayaba ya tara su ya shaida musu cewa babu fita sai an ci dukkan hawa 100 na wani ƙaton gini mai shawagi a sama da ake kira Aincrad, kuma duk wanda ya mutu a cikin wasa, hular za ta ƙona masa ƙwaƙwalwa a can inda yake kwance. Haka ma idan 'yan'uwansa suka cire masa ita da ƙarfi. Mutum 213 sun riga sun mutu ta wannan hanya tun ranar farko. Cikin wata guda aka rasa 2,000. Kirito, yaro ɗan shekara 14, yana cikin waɗanda aka rufe, haka kuma wata yarinya mai suna Asuna.

To, bari mu fara da inda fim ɗin ya ci.

Na farko, tushen labarin yana da ƙarfi ƙwarai. Kowa ya san abin da ke raba wasa da gaske shi ne a wasa kana iya faɗuwa ka tashi ka kakkaɓe riga. Marubucin ya cire wannan abu guda ɗaya tak, sai wasa ya zama rayuwa. Daga nan tambaya ta taso wadda ta fi ƙarfin yara kaɗai: idan aka rufe mutane dubu goma a wuri guda, babu hukuma, babu alƙali, babu iyaye, me za su zama? Amsar da fim ɗin ya bayar ita ce za su zama abin da suke tun asali. Wasu sun ɗauki takobi sun shiga gaba don a fita da kowa. Wasu tsoro ya hana su barin garin farko har shekara biyu. Wani ya buɗe kanti yana saye da sayarwa, wata ta zama maƙeriya tana gyaran takubba, wani dattijo kuwa ya ga ba zai iya yaƙi ba, ya koma bakin tafki yana kamun kifi. Wata ƙungiya da ta kira kanta rundunar 'yanto jama'a ta rikiɗe ta koma tare hanya tana karɓar haraji a hannun marasa ƙarfi. Wasu kuma suka kafa ƙungiyar kisan kai, suna fakewa da cewa ai wasa ne, laifin na wanda ya ƙera hular ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gari ke zama idan doka ta yi rauni zai gane waɗannan fuskoki.

A cikinsu akwai wadda ta fi burge mu, ko da yake ba ta daɗe a fim ɗin ba. Wata matashiya ce mai suna Sasha, wadda ta bi lungu-lungu a garin farko tana tsinto ƙananan yaran da suka shiga wasan suka rasa kowa, ta tara su a wani coci tana ciyar da su tana kula da su. Ba ta kashe dodo ko ɗaya a gabanmu ba, kuma ba mu ga wani ɗalibi ya zana ta a bangon littafi ba. Amma mu da muka san wahalar riƙe yara ashirin na awa ɗaya, mun san wace ce jaruma a wannan gari.

Na biyu, akwai kashi na 3, wanda a ganinmu shi ne zuciyar zangon farko. Kirito ya shiga wata 'yar ƙaramar ƙungiya ta abokai biyar, amma ya ɓoye musu cewa ya fi su mataki nesa ba kusa ba, don yana tsoron kada su guje shi. Da suka ga suna cin nasara cikin sauƙi sai suka ɗauka ƙarfinsu ne, suka hau inda ba su isa ba, suka buɗe wani akwatin dukiya wanda ashe tarko ne. Huɗu suka mutu a gaban idonsa, har da wata yarinya mai suna Sachi wadda ya yi wa alkawarin ba za ta mutu ba. Shugabansu, wanda ya tafi sayen gidan da za su zauna, da ya dawo ya ji labari sai ya faɗa daga gefen ginin. Babu mugu a wannan kashi. Ƙaramar ƙarya ce da aka yi da kyakkyawar niyya ta cinye rayuka biyar. Mun sha yi wa ɗalibai wa'azi a kan gaskiya a filin taro da safe, amma ba mu taɓa samun misalin da ya kai wannan kama zuciya ba.

Na uku, aikin hannu. Zanen yana da kyau, garuruwa da dazuzzuka da faɗuwar rana duk an ƙawata su yadda mai kallo zai fahimci dalilin da wasu suka fara mantawa da gida. Kiɗan da Yuki Kajiura ta tsara kuwa shi ke ɗauke da rabin nauyin fagen fama. Ba mu mamakin yadda fim ɗin ya kama duniya, har ya buɗe ƙofa ga ɗimbin finafinai masu irin wannan zubi, ko da yake ba shi ne ya fara ba.

Na huɗu, a zango na biyu fim ɗin ya nuna cewa ba ya cikin masu cewa na'ura sharri ce zalla. Akwai Sinon, yarinyar da ta harbe ɗan fashi a gidan waya tana da shekara 11 don ta ceci mahaifiyarta, tun daga ranar ko hoton bindiga ta gani sai jikinta ya ɗauki rawa. Ta shiga wasan harbi don ta warkar da kanta, amma ba wasan ne ya warkar da ita ba. Sauƙi ya zo mata ne ranar da aka haɗa ta ido da ido da matar da ke aiki a gidan wayar, wadda ke da ciki a lokacin fashin, ta zo da 'yarta don su yi mata godiya. Sa'an nan akwai kashi 7 na ƙarshe, labarin Yuuki, yarinya 'yar shekara 15 da aka haifa da ƙwayar cutar ƙanjamau sanadiyyar ƙarin jini da aka yi wa mahaifiyarta. Ta shekara uku kwance a cikin wata na'urar asibiti, ba ta da wata rayuwa sai ta cikin wasa, inda ta fi kowa iya takobi. Ita da abokanta, dukansu majinyata, burinsu kawai a rubuta sunayensu a jikin wani dutsen tunawa kafin su rabu. Da Asuna ta gane cewa abin da Yuuki ke marmari shi ne zuwa makaranta, sai ta ɗora wata 'yar kyamara a kafaɗarta ta shiga da ita aji, malami ya kira sunanta, ta yi karatu a bayyane kowa yana ji. Mu dai a nan sai da muka ajiye wayar muka ɗan fita shan iska. Da za a nuna wa masu fashin makaranta wannan kashi, da wataƙila sun ji kunya.

Wannan ke nan. Yanzu kuma sai mu ɗauki jan biro.

Aibi na farko shi ne gaggawa. An yi mana alkawarin hawa 100 da shekaru na gwagwarmaya, amma aka naɗe tabarmar duka a kashi 14. A kashi na 2 muna hawa na farko, kafin mu farga a kashi na 8 mun kai hawa na 74, a na 75 kuma wasa ya ƙare. Kusan mutum 4,000 suka mutu, amma waɗanda muka san fuskokinsu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Yadda aka kafa ƙungiyoyi, yadda aka daidaita farashi a kasuwa, yadda mutane suka jure watannin farko, duk an tsallake, alhali a nan ne naman labarin yake. Kamar ɗalibin da ya rubuta gabatarwa mai daɗi ne, ya ji an kusa kaɗa ƙararrawa, sai ya yi tsalle zuwa kammalawa. Marubucin ma ya san da wannan giɓi, shi ya sa daga baya ya koma yana sake rubuta labarin hawa-hawa da sunan Progressive, wanda aka yi finafinan silima biyu da shi a 2021 da 2022.

Aibi na biyu, kuma shi ya fi damunmu a matsayin malamai, shi ne Kirito kansa. Yaron nan ba abin da ya gagare shi. Shi kaɗai aka ba baiwar riƙe takobi biyu. Dodon da runduna guda ta kasa, shi ya gama da shi kusan shi kaɗai. Ya iya binciken kisan kai, ya iya kutsawa cikin kwamfutar da ke tafiyar da wasan cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma duk wasan da ya shiga daga baya, kwana kaɗan ya wuce waɗanda suka daɗe a ciki. Mafi muni, a karon ƙarshe da Kayaba ransa na wasa ya ƙare ƙaf, wanda bisa dokar da aka kafa mana tun kashi na 1 mutuwa ke nan, amma sai ya yunƙura da ƙarfin zuciya ya soke abokin gaba, kuma ya farka a asibiti. To, ina dokar? Sachi ba ta da zuciya ne? Mutum dubu huɗun nan duk ba su so rayuwa ba? Da hannunsa marubucin ya rushe ginshiƙin da ya ɗora gininsa a kai. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa dokar aji da ake ɗage wa ɗan gaban goshi ta daina zama doka, kuma yara sun fi kowa saurin ganewa.

Illar wannan ba a kan labari kaɗai ta tsaya ba. Yaron da ke kallo yana koyon cewa gwani haihuwarsa ake yi, ba ya buƙatar malami, ba ya buƙatar jama'a, kuma idan ya yi shiru ya ware kansa kowa zai zo ya same shi. Ba mu cika ganin Kirito yana maimaita abu sau ɗari kafin ya iya ba, an ɓoye wannan a cikin watannin da aka tsallake. Alhali mu abin da muke fama da shi kullum shi ne mu shawo kan yaro ya yarda cewa sannu ba ta hana zuwa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aibi na uku shi ne yadda aka yi da mata. Kusan kowace yarinya da Kirito ya taimaka sai ta kamu da sonsa, ta bi layi. Asuna kuwa, wadda muka sani mataimakiyar shugaban runduna mafi ƙarfi, mai saurin takobi, mai tsara yaƙi maza na saurare, a rabi na biyu na zangon farko sai aka ɗauke ta aka kulle a cikin kejin tsuntsu a kan wata ƙatuwar bishiya, tana jiran a zo a cece ta. Wanda ya kulle ta, Sugou, ma'aikacin kamfanin mahaifinta ne da ke son a ɗaura masa aure da ita tana kwance ba ta cikin hayyacinta. An kuma cika wannan ɓangare da labarin Suguha, wadda ta tashi gida ɗaya da Kirito a matsayin ƙanwa, ashe iyayensu mata ne ciki ɗaya, ita ma ta faɗa sonsa. Masu kallo a Turai da Amurka sun yi ta ƙorafi a kan wannan. Mu da muka san auren zumunci ba nan gizo ke saƙarmu ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda mai zanen ke karkatar da idon mai kallo zuwa jikin 'yan mata masu ƙananan shekaru ba gaira ba dalili, da kuma yadda marubucin, duk lokacin da yake so mu tsani wani mugu, ba ya da wata dabara sai ya sa shi ya yi yunƙurin keta mutuncin yarinya, a kuma ja wurin a tsawaita shi. An yi haka a kashi na 24 na zangon farko, an maimaita a zango na biyu, an sake a na uku. Bayan na ukun ne, a 2018, Kawahara ya ba matan da suka ari muryoyin haƙuri, daga baya kuma ya amince cewa bai kamata a riƙa ɗaukar mata a labari kamar kyautar da jarumi ke ci ba. Mun yaba masa da amsa laifi, amma kashin da aka riga aka yi suna nan a wayoyin 'ya'yanmu.

Aibi na huɗu, miyagun ba su da zurfi. Kayaba ya yi sanadin mutuwar dubban mutane, amma da aka tambaye shi dalili sai ya ce shi ma ya manta, tun yana yaro dai yake mafarkin gini mai shawagi a sama. Daga nan fim ɗin ya ci gaba da nuna shi kamar wani babban malami abin girmamawa, har yana taimakon Kirito. Wannan sassauci bai dace ba. Mutumin da ya mayar da rayukan jama'a kayan gwaji ba mai hikima ba ne, azzalumi ne, kuma ya kamata yaro ya ji an faɗi haka ƙarara.

Wani zai ce, Malam, duk wannan dogon bayani a kan zanen yara? To, abin ya wuce zane. Palmer Luckey, wanda ya kafa kamfanin Oculus mai ƙera tabarau na shiga duniyar kwamfuta, wanda Facebook ya saya a 2014 a kan kimanin dala biliyan 2, masoyin wannan labari ne. A Nuwamba 2022, daidai lokacin da labarin ya ce an rufe mutane a wasa, ya nuna wata hula da ya haɗa da abin fashewa wadda ya ce za ta iya kashe mai wasa idan ya faɗi, ko da yake ya ce ado ce kawai ta ofis. Ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sanya kamuwa da wasannin kwamfuta cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Yaranmu ba su da hular Kayaba, amma wanda ya taɓa kiran ɗansa sau uku yana riƙe da waya bai ji ba, ya san ba sai da hula ake rasa maɓallin fita ba.

Saboda haka ga shawararmu ga iyaye da 'yan'uwanmu malamai. Hani kai tsaye ba zai yi aiki ba, domin abin da ka hana a gida yana jiran yaro a wayar abokinsa. Sakaci kuma ya fi muni. Wannan fim ba na 'yan firamare ba ne, ko kusa. Ga waɗanda suka tasa, kashi 14 na farko da kashi 7 na ƙarshen zango na biyu sun cancanci kallo, kuma gara a kalla tare da babba. Rabi na biyu na zangon farko kuwa, wanda ya tsallake shi bai yi asarar komai ba. Idan an gama a zauna a yi hira. A tambayi yaro: me ya kashe Sachi, takobi ko ƙarya? Tsakanin Kirito da Sasha wa ya fi amfanar jama'a? Me ya sa Yuuki, wadda ta mallaki duniyar wasa, take kwaɗayin kujerar aji?

Mun gwada waɗannan tambayoyi a kan mai insha'in nan da aka koma makaranta. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe kai ma ka kalla?" Muka ce mun kalla. Bai ce ya fasa zama Kirito ba, mu ma ba mu nemi ya fasa ba. Amma tun daga ranar, idan ya ga wani sabon fim yakan tsaya bayan an tashi ya ba mu labari, har ya faɗi inda yake ganin marubucin ya yi ha'inci. Idan da za mu ba Sword Art Online maki, shida bisa goma za mu ba shi, mu rubuta masa a ƙasa abin da muka saba rubuta wa irin waɗannan ɗalibai: yana da basira, amma ba ya tsayawa ya gama aiki.

Sai kuma wata mai zuwa, idan Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.